Yadda Ƙungiyar Manoma da 'Yan Kasuwa Za Ta Sa Ɗan Majalisarta Aiki Kan Kasafi, Iyaka da Kasuwanci

A ranar 16 ga Disamba, 2020, gwamnatin tarayya ta sanar da buɗe iyakoki huɗu bayan rufewar da ta faro tun Agustan 2019. Maigatari na cikinsu, tare da Illela da Seme da Mfum. Duk mai cin kasuwar Alhamis ta Maigatari ya san abin da wannan rufewa ta yi wa 'yan kara da 'yan lodi da masu sayar da abinci. Ba a cika shekara uku ba aka sake datse iyakar saboda juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ba a Gumel aka yanke waɗannan hukunce-hukunce ba, ba kuma a Dutse ba. A Abuja aka yanke su, kuma mutanenmu da doka ta ba ikon su kira minista ko shugaban kwastam su titsiye shi a kan irin wannan su ne 'yan majalisar tarayya.

Amma idan ka leƙa ƙofar gidan ɗan majalisa ranar da ya shigo gari, abin da za ka tarar shi ne takardar asibiti, katin ɗaurin aure, da mai neman kuɗin makarantar yaro. Ban ga laifin mai buƙata ba, talauci ne. Sai dai ɗan majalisar da ya gane cewa dubu ashirin a ambulan ta ishe shi ya sallami mazaɓa, ba zai wahalar da kansa da zaman kwamiti ba. Wannan jagora na ƙungiyoyi ne: masu noman riɗi da zoɓo, 'yan kara, 'yan hatsi, masu noman rani a Auyo ko Kura, da duk wata ƙungiyar cigaban gari da ke son ta nemi abin da ya fi ambulan.

Da farko, ku tantance ƙofar da za ku buga

Wakilai iri uku gare ku bayan kansila. Akwai ɗan majalisar dokokin jiha: Kano na da 40, Jigawa na da 30. Akwai ɗan Majalisar Wakilai, inda Kano ke da kujeru 24, Jigawa 11, cikin 360. Sai sanata, uku daga kowace jiha, cikin 109. Mutumin Maigatari, alal misali, mazaɓarsa ta tarayya ta haɗa Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, sanatansa kuma na Jigawa ta Arewa Maso Yamma ne.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wasu al'amura ga tarayya ita kaɗai: hulɗa da ƙasashen waje, kwastam da kuɗin fito, shige da fice, cinikayya da wasu ƙasashe, takardar kuɗi, da ciwo bashi. Idan kukanku na shingayen kwastam ne a hanyar Gumel zuwa Kano, ɗan majalisar jiha ba shi da hurumi, iyakarsa ya raka ku. Idan kuwa hanyar ƙauye ce, ko asibitin gari, ko harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kasuwa, to a Dutse ko Kano maganar take, kuma ɓata tafiya ne ku kai ta Abuja. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a fara ba.

Sai ku binciki kwamitocinsa

Abin da ake nunawa a talabijin, inda ɗan majalisa ke miƙewa yana jawabi a zauren majalisa, ƙaramin ɓangare ne na aikin. A kwamiti ake yanka ana gyarawa. Kowane ɗan majalisa na cikin kwamitoci da dama, kuma ƙarfinsa a kan kowace ma'aikata ya dogara ne ga ko yana cikin kwamitin da ke sa mata ido. Waɗanda suka shafe ku kai tsaye su ne na kasafin kuɗi, na kuɗi, na kwastam, na kasuwanci, na harkokin waje, na yarjejeniyoyi, na basussuka, na noma, da na albarkatun ruwa.

Ku tambayi ofishin mazaɓa, ko hadiminsa na harkokin majalisa, su faɗa muku kwamitocin. Idan suka yi ta kwana-kwana, ku sa wani matashi mai waya ya duba shafin Majalisar Tarayya ko na ƙungiyoyin da ke bibiyar majalisa irin su PLAC da OrderPaper. Idan ɗan majalisarku ba ya cikin kwamitin da kuke buƙata, ba a rufe ƙofa ba, domin yana iya rubuta wa shugaban kwamitin, ko ya bi ta ƙungiyar 'yan majalisar jiharsa.

Kada a ce muku yankin nan ba shi da baki a wurin rabo. Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa ne ya shugabanci kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, kafin ya zama mataimakin shugaban majalisar. A Majalisar Wakilai ta goma, Abubakar Kabir Bichi aka ba shugabancin kwamitin kasafi. Kafin su, Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya riƙe wannan kujera har zuwa 2016. Kujerun dai an samu. Abin tambaya shi ne wa ya kai musu takarda, kuma wa ya koma ya duba.

Mataki na uku: ku raba buƙatarku kashi-kashi

Ba kowace matsala ce hanyarta ɗaya ba. Idan abin da kuke so na buƙatar kuɗi, kamar gyaran madatsar ruwa, rumfunan kasuwa, ko wurin feshin kayan fitarwa, hanyarsa kasafi ce. Idan doka ce ta tsufa ko babu ita, sai ƙudirin doka, wanda sai ya wuce karatu uku a kowace majalisa, shugaban ƙasa ya sa hannu, kuma yakan ɗauki shekaru. Idan wata hukuma ce ke gallaza muku, to ƙudiri ne na jan hankali, ba na doka ba, a zauren majalisa, ko takardar koke.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe. Matsayar da majalisa ta cimma bayan ƙudiri ba doka ba ce. Kira ne ga ɓangaren zartarwa, yana iya bi, yana iya sharewa. Saboda haka idan aka karanta a rediyo cewa Honorabul ya gabatar da ƙudiri kan a buɗe iyaka, ku yaba, amma ku tambaya: wane kwamiti aka miƙa wa? Mako nawa aka ba shi? Ya kira shugaban kwastam? Rahoton ya dawo? Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da sammacin duk wanda take buƙata. Ƙudirin da bai kai ga wannan ba, yawanci iyakarsa jarida.

Takardar koke kuwa ba a kai ta zauren majalisa kai tsaye. Ɗan majalisa ne ke gabatar da ita, a miƙa ta ga kwamitin koke-koken jama'a, shi kuma ya kira ɓangarorin biyu. Ta fi dacewa da abin da ke da hujja a hannu, kamar kayan da aka kama alhali an biya musu fito, ko diyyar gona da aka ƙi biya.

Kalandar kasafi, inda ya kamata ku fi zuba ido

Kasafi kamar damina yake: wanda ya zo da irinsa bayan an yi girbi, sai ya jira baɗi. Mafi yawan ƙungiyoyi sai sun ji a rediyo cewa shugaban ƙasa ya gabatar da kasafi sannan su fara neman ɗan majalisa, alhali a lokacin an riga an rufe mafi yawan ƙofofi.

Ga yadda abin ke tafiya. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a shirya tsarin kashe kuɗi na shekara uku, wanda ake kira MTEF, wata huɗu kafin sabuwar shekara, wato zuwa ƙarshen Agusta, ko da yake a aikace akan makara. A cikinsa ake ƙiyasta farashin gangar mai, yawan man da za a haƙa, canjin dala, da bashin da za a ci. Majalisa na duba shi ta amince. A tsakanin nan Ofishin Kasafi na Tarayya ke aika wa ma'aikatu da hukumomi takardar umarni, a faɗa wa kowa iyakar abin da zai nema, su kuma su jera ayyukansu. Majalisar zartarwa ta amince, sannan shugaban ƙasa ya kai wa majalisun biyu, kamar yadda sashe na 81 na kundin tsarin mulki ya tanada.

Daga nan sai muhawara a zaure, a miƙa wa kwamitin kasafi, sauran kwamitoci su zama rassansa. Kowace ma'aikata ta zo ta kare kasafinta gaban kwamitin da ke sa mata ido. A wannan zama ne ɗan majalisa ke iya tambayar shugaban hukuma me ya sa aikin bara bai ƙare ba, kuma a nan ne ake ƙarawa, a rage, a sauya. Kasafin 2024 ya shiga majalisa ranar 29 ga Nuwamba, 2023 a kan naira tiriliyan 27.5, ya fito a kan tiriliyan 28.7, aka sa hannu ranar 1 ga Janairu, 2024. Wata ɗaya ke nan kacal. Na 2025 an gabatar da shi a Disamban 2024, aka sa hannu ranar 28 ga Fabrairu, 2025 a kan tiriliyan 54.99. Duk ƙungiyar da ke jiran wannan ɗan tsakani kafin ta rubuta takarda ta makara.

Shawarata ita ce takardarku ta isa hannun ɗan majalisa tsakanin Mayu da Yuli. Majalisa na tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa wajen ƙarshen Satumba, lokacin da ake sa ran 'yan majalisa su koma mazaɓu, sai ku yi amfani da hutun ku tuna masa ido da ido. Idan aka gabatar da kasafi, ku sake kira a makon.

Ƙofa biyu ce aiki ke bi ya shiga. Ta farko ita ce kasafin hukumar kanta. Idan maganar ruwan noman rani ce, ku kai kofin takardarku ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta ke Kano kuma ita ke kula da madatsun Tiga da Challawa. Idan garinku na bakin iyaka ne kamar Maigatari, Babura ko Sule Tankarkar, akwai Hukumar Raya Garuruwan Kan Iyaka. Akwai kuma Hukumar Raya Arewa Maso Yamma da aka sa wa dokarta hannu a 2024. Aikin da hukuma ta saka da kanta, ɗan majalisa ya tsare shi a kwamiti, ya fi samun kuɗi da kulawa.

Ƙofa ta biyu ita ce ayyukan mazaɓu. An saba ware kusan naira biliyan 100 a shekara a raba tsakanin 'yan majalisa 469, kuma rabon ba daidai ba ne, shugabanni sun fi samu. A ƙa'ida ba a ba ɗan majalisa kuɗin a hannu. Shi dai ya zaɓi aikin da wurin, wata hukuma ta ba da kwangila. Idan za ku nemi wani abu ta wannan ƙofa, ku nemi abin da ake gani a taɓa: rijiyar burtsatse mai sola a kara, kwalbati, rumbun ajiya, aji biyu. Abin da ake rubutawa da sunan tallafi da horar da matasa da mata shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin bayan an yi taro an ɗauki hoto, ba wanda zai iya ƙirga abin da aka raba.

Rubuta takardar

Shafi ɗaya ya isa, biyu idan ya yi yawa. Buƙata ɗaya, ba jerin gwanon goma sha biyar ba. A rubuta sunan gari, mazaɓar kansila da ƙaramar hukuma daidai, domin da wannan sunan zai fito a kasafi, kuma kuskuren harafi na iya kai aikin wani gari mai irin sunan. A faɗi mutum nawa abin ya shafa bisa ƙirgen da ku kuka yi, a haɗa hotuna, a nemi wani injiniya ko ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya yi ƙiyasin kuɗi. Shugaba da sakatare su sa hannu, dagaci ko hakimi ya sa albarka da tambarinsa idan ya yarda. A yi ta da Turanci saboda fayil, a ajiye ta Hausa saboda 'yan ƙungiya.

A yi kofi uku aƙalla. Duk inda aka miƙa, a sa mai karɓa ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata a kofinku. Wannan hatimi shi ne abin da za ku nuna idan an ce takarda ba ta iso ba.

Wajen ganawa, mutum biyar sun isa, kuma a tabbata akwai mace a ciki idan abin ya shafi mata, kamar tsinkar zoɓo da gyaransa wanda su suka fi yi. A haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, don kada a ce 'yan adawa ne suka zo neman magana. Dattijo ya buɗe da gaisuwa, sakatare ya faɗi buƙata a taƙaice. Wani abu kamar haka ya wadatar: "Ranka ya daɗe, ba don kanmu muka zo ba. Ga takarda kan hanyar da motocin riɗi ke bi. Muna roƙon a sa ta a kasafin baɗi, kuma a faɗa mana wa za mu riƙa tuntuɓa a ofis." A karɓi sunan wannan hadimi. Kuma ku yi yarjejeniya tun daga gida cewa ba mai gabatar da buƙatar kansa a wannan zama. Idan aka ba da kuɗin mota, wannan al'ada ce, amma da zarar mutum ɗaya ya ja Honorabul gefe kan maganar ɗansa, takardar ta rage nauyi.

Bayan an sa hannu

Ofishin Kasafi na Tarayya na saka kasafin a shafinsa na intanet, wanda aka gabatar da wanda aka amince da shi. Takardu ne masu dubban shafuka, amma a kwamfuta ana iya rubuta sunan gari a nemo. Ku duba duka biyun. Ku kwafe lambar aikin, sunan hukumar da aka ɗora wa, da adadin kuɗin. Kada ku yi mamaki idan kuka ga aikin hanyarku a ƙarƙashin wata kwalejin noma ko cibiyar bincike da ke wata jiha. Ana yin haka, kuma yana sa bibiya ta yi wuya, shi ya sa sanin sunan hukumar ke da muhimmanci.

Shiga kasafi ba shi ne sakin kuɗi ba. Gwamnati na sakin kuɗin manyan ayyuka ne gwargwadon abin da ya shigo, har ma aka tsawaita aiwatar da ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 zuwa cikin 2025. Don haka bayan wata uku ku rubuta wa hukumar kuna tambayar ko an ba da kwangila, wa aka ba, nawa aka biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku wannan dama, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma takardar da ta ambaci dokar tana sa a yi hattara.

Idan ɗan kwangila ya zo, ku nemi ganin allon aiki da bayanin abin da aka ce ya yi: zurfin rijiya, girman tanki, tsawon hanya. Ku riƙa ɗaukar hoto da kwanan wata. Idan aka gudu aka bar aiki, ku fara da ɗan majalisar da hukumar. Idan shiru, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na bibiyar ayyukan mazaɓu tun 2019 kuma ta sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ma na karɓar irin wannan rahoto.

Za ku riƙa jin maganar cushe a kasafi. A 2016 Abdulmumin Jibrin ya yi wannan zargi, aka dakatar da shi na kwanakin zaman majalisa 180. A Maris 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya wata uku bayan hirar da ya yi da BBC Hausa kan kasafin shekarar. Ƙungiyar ƙauye ba za ta warware wannan rigima ba. Abin da ke hannunta shi ne layukan da ke ɗauke da sunan garinta, kuma idan kowane gari ya tsare nasa, wurin ɓoyo ya ragu.

Iyaka da harkokin waje: me zai iya, me ba zai iya ba

Rufe iyaka da buɗe ta aikin shugaban ƙasa ne. Haka yawancin kuɗin fito, ministan kuɗi ne ke fitar da su a cikin tsarin bai-ɗaya na ECOWAS. Hana dala ga masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa, Babban Banki ne ya yi a 2015, shi ne kuma ya janye a Oktoban 2023. Hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kwastam ce ta sanar a Nuwamban 2019. Ɗan takarar da ya ce muku shi zai buɗe iyaka da hannunsa, yaudara ce.

Amma majalisa na da makamai na gaske. Sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai da amincewar majalisun biyu, ya kuma sa tura soja yaƙi a waje a ƙarƙashin yardar Majalisar Dattawa. An ga amfanin wannan a Agustan 2023: Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa kan matakan ECOWAS a kan Nijar, sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi amfani da ƙarfi, majalisar kuma ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Malamai da sarakuna sun taka rawa, amma muryar mazaɓun bakin iyaka, inda aure da kasuwa da kiwo suka haɗe mu da Damagaram da Maraɗi, ita ce ta ba sanatocin abin tsayawa a kai.

Sashe na 12 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka. Jakadu sai Majalisar Dattawa ta tantance su. Bashin waje sai majalisa ta amince, kuma da bashi ake gina manyan ayyuka irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Najeriya na da kujeru 35 a Majalisar ECOWAS, 'yan majalisarmu ne ke cike su, kuma majalisar ta yi zama a Kano a Mayun 2024. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, tambayar wace takarda ɗan kasuwa zai riƙe, wane fito zai biya, ta zama abin da ya dace ku sa ɗan majalisarku ya nemi amsarsa a rubuce daga ma'aikatar harkokin waje da kwastam, ya kawo muku.

Idan ɗan gari ya shiga matsala a waje, ko an tsare shi a Saudiyya ko ya maƙale a Libiya, kwamitocin harkokin waje da na 'yan Najeriya mazauna ƙetare na iya matsa wa ofishin jakadanci. Kwaso ɗalibai daga Sudan a 2023, waɗanda da yawansu 'yan Kano da Jigawa ne, ya nuna cewa kasafin ofisoshin jakadanci ba maganar manya ba ce kawai. A irin wannan, ku kai cikakken suna, lambar fasfo da garin da mutum yake. Kuka ba bayani ba ya motsa fayil.

Kasuwar waje ta fara daga gona

Riɗin da ake lodi a Maigatari da zoɓon da ke bi ta Dawanau, ƙasashen waje suke tafiya. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, Meziko kuma ta taɓa dakatar da zoɓonmu saboda ƙwari a cikin kaya. Irin wannan hani a farashin buhu yake ƙarewa. Abin da za ku nema a nan a fili yake: a sa wa hukumar tantance lafiyar amfanin gona da hukumar bunƙasa fitar da kaya kuɗin ɗakin gwaji da wurin feshi kusa da inda ake noma, a horar da manoma kan maganin da aka yarda da shi, a kuma sa tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Janairun 2023, ta yi aiki yadda ba sai komai ya kwana a Legas ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka a Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019, amma kayan da ba su da takardar inganci ba su da rabo a ciki.

Wani lokaci buƙatunku za su ci karo da na wasu. Da gwamnati ta sanar a Yulin 2024 da ɗage fito na kwana 150 a kan masara da alkama da shinkafa da wake, mai saye a birni ya ji daɗi, manomin Kura da Haɗeja da ya sayi taki da tsada ya shiga zullumi. Ɗan majalisa ɗaya na iya wakiltar duka biyun. Idan ba ku kai masa lissafin abin da kuka kashe a kadada da abin da kuka sayar ba, muryar da ta fi kusa da Abuja ita zai ji.

Wurin kai irin wannan lissafi shi ne zaman jin ra'ayin jama'a, wanda kwamiti ke yi bayan karatu na biyu na ƙudirin doka. Ana tallata shi a jarida, kowace ƙungiya na iya aika takardar matsaya ga akawun kwamiti, ta kuma tura wakili. Dokokin haraji da aka kai majalisa a Oktoban 2024 sun sha gyara bayan ƙorafin gwamnonin Arewa da zaman jin ra'ayi na Fabrairun 2025, kafin a sa musu hannu a Yunin 2025. Ƙaramar ƙungiya ba sai ta je Abuja ita kaɗai ba, tana iya bi ta uwar ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ta jiha.

Yadda za ku auna shi

Ku buɗe littafi ɗaya a hannun sakatare. A rubuta ranar da aka kai takarda, wa ya karɓa, me aka yi alkawari, me ya fito a kasafi, me aka gani a ƙasa. Majalisa na fitar da jadawalin zaman kowace rana da rahoton abin da aka zartar, a ciki ake ganin wanda ya kawo ƙudiri. Akasarin ƙuri'u da murya ake kaɗa su, ba a rubuta wa ya ce e wa ya ce a'a, saboda haka a kan babbar magana kamar bashi ko haraji, ku tambaye shi matsayinsa a bainar jama'a, a taron gari ko a shirin rediyo da ake buga waya.

Sashe na 69 na kundin tsarin mulki ya ba ku damar kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, bai kai ba. Ƙungiyar ƙauye kada ta ɓata ƙarfinta a nan. Littafin sakatare ya fi amfani: idan 'yan takara suka fara zagaye, a ɗauko shi a karanta a gaban mai ci da masu neman kujerarsa, a kuma miƙa wa kowannensu kofin takardar buƙatar da ba a biya ba, ya sa hannu cewa ya karɓa.